Daga Rumbu Zuwa Mudu: Tarihin Tattalin Gida a Orozo

Tattali, a bakin Bahaushe, shi ne lallaɓa abin da ke hannu har ya kai iyali lokacin da wani zai samu. Ya bambanta da rowa, domin marowaci yana da shi ya hana, mai tattali kuwa yana bayarwa da lissafi. Addini ma ya tsaya a wannan tsakiyar: Alƙur'ani ya tsawatar a kan almubazzaranci, ya kuma tsawatar a kan ƙanƙame hannu. A gidan da ke da ƙananan yara wannan lissafi ya fi tsanani, saboda cikin yaro bai san ƙarshen wata ba.

Orozo gari ne a Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, a kan hanyar da ta taso daga Nyanya ta ratsa Karu da Jikwoyi da Kurudu ta nufi Karshi. A cikin shekaru hamsin ya tashi daga ƙauyen manoma ya zama masaukin ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu daga ko'ina a Nijeriya. Tarihin tattalin gida a wannan gari shi ne tarihin yadda aka bar adana abin da aka noma, aka koma kasafta abin da aka samo.

Zamanin rumbu

Kafin a yi Abuja, mazauna wannan yanki Gbagyi ne da Gwandara, sai Fulani makiyaya da fatake Hausawa da ke ratsawa tsakanin Keffi da tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja. Ƙasa ce mai ruwan sama, tana karɓar doya da dawa da masara da riɗi da gyaɗa. Arzikin gida a lokacin ba a aljihu yake ba, a rumbu yake. Da kaka ake shigar da dammunan dawa, doya kuma a ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsa ta. Maigida ne ke buɗe rumbu, shi ke fitar da abin da za a ci na kwanaki, yana lura da nisan da ke tsakanin ranar da sabon amfani. Mafi wuyar lokaci shi ne tsakiyar damina, sa'ad da tsohon hatsi ya ja baya, sabo bai nuna ba, ga kuma aikin gona yana neman ƙarfi. Gidan da ya saki hannu da kaka, a nan yake gane kurensa. Shi ya sa ake cewa ajiya maganin wata rana.

A ƙasar Hausa tsarin ya yi kama da wannan. Gonar gandu ta gida ce gaba ɗaya, amfaninta na rumbun maigida. Gayauna kuwa ta mutum ce shi kaɗai, da ita yake biyan ƙananan buƙatunsa. Miya tana hannun mata, kuma yawancinta ba a saye. Ana shanya kuɓewa da kuka da karkashi da yakuwa da tumatir a lokacin da suka wadata, a daka kalwa a yi daddawa, a tsinto ƙwaran kaɗanya a yi man kaɗe. Abu kaɗan ake zubarwa. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumamen safe. Ƙanzon tukunya a shanya shi, ranar da aka matsu a jiƙa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Dusa ta awaki ce da kaji, toka ta sabulu ce da ruwan miya. Randar ƙasa ita ce ke sanyaya ruwa, kuma matan Gbagyi sun yi suna wajen ginin tukwane, sana'ar da ta kai Ladi Kwali har bayan takardar naira 20.

Yaro a wannan zamani ba ya cin kuɗi sosai. Ana shayar da shi kusan shekara biyu, a yaye shi da kunu da fura, ya sa kwancen yayyensa, idan ya tasa kuma ya shiga kiwo da tsaron gona. Sai dai zamanin yana da nasa ɗacin. Kyanda da zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna kwashe yara da yawa, kuma shekarar da ruwa ya ɗauke, kamar a yunwar 1913 zuwa 1914 da ta addabi arewacin ƙasar Hausa, babu tattalin da ke cika rumbun da gona ba ta cika ba.

Shigowar kuɗi

Kuɗin da aka sani a kasuwannin yankin kafin Turawa shi ne wuri. Mulkin mallaka ya ture shi sannu a hankali, musamman bayan kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, da kuma tilasta biyan haraji da kuɗin Bature. Sai anini da kwabo da taro da sisi da sule da fam suka shiga lissafin gida. Haraji ya sa manomi sayar da hatsi da kaka, lokacin da ya fi araha, wani lokaci ya dawo ya saye shi da damina da tsada. Daga nan bashin hatsi da cin rani suka yawaita.

A birane, inda maigida malami ne ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin En'e, rumbu ya rikiɗe ya zama abu biyu: awo da cefane. Awo shi ne hatsin da ake saye da mudu ko tiya na mako ko na wata. Cefane shi ne kuɗin kayan miya da nama da itace na kullum. Shari'a da al'ada sun ɗora ci da sha da sutura da muhalli a wuyan miji, abin da mace ta samu kuma nata ne. Matan kulle suka riƙe sana'o'in cikin gida, kamar kaɗi da saƙa da suyar ƙosai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kitso, yara suna kai talla. Ribar tana shiga asusun ƙasa wanda ba a buɗe shi sai an fasa, ko adashi, ko akuya, ko kwanukan da za a jera wa 'ya ranar aurenta. A zahiri wannan kuɗi na mata shi ne ke toshe ɓarakar gida idan cefane ya gaza. Ciyayya tsakanin maƙwabta da gudunmawar biki su ma wata ajiya ce: abin da aka kai yau, zai dawo ranar suna ko ranar aure.

A ranar 1 ga Janairu, 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, fam ɗaya a kan naira biyu. Ba da daɗewa ba ƙarin albashin Udoji ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata a farkon 1975. Rediyo da keke da babur suka shiga gidaje, shinkafar waje da burodi da madarar gwangwani suka hau teburin mai albashi, farashin kaya kuma ya bi sahu.

Isowar Abuja

Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6, ranar 3 ga Fabrairu, 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An yanko ƙasar daga jihohin Neja da Filato da Kwara, aka kuma damƙa mallakarta duka a hannun Gwamnatin Tarayya. Da farko an yi niyyar kwashe mazauna gaba ɗaya, amma tsadar diyya ta sa aka bar yawancin ƙauyuka a inda suke. Nyanya ta bunƙasa a matsayin sansanin leburori da ƙananan ma'aikatan da ke gina birnin. Da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, jama'a suka yi ta kwarara. Ƙidayar 1991 ta sami mutum ƙasa da 400,000 a yankin birnin tarayya. Ta 2006 ta sami sama da miliyan 1.4.

Gidajen Garki da Wuse da Maitama sun fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, don haka ya nemi bayan gari. Karu ta cika, aka matsa Jikwoyi, aka matsa Kurudu, aka iso Orozo. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasir El-Rufa'i ke ministan Abuja, ya ƙara turo dubban iyalai zuwa irin waɗannan garuruwa. Gonaki suka zama fulotai. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Orozo da rukunin gidaje da aka gina a kewaye suka ƙara jawo mutane. A wannan sabon gari, zaɓen wurin zama shi kansa ya zama matakin farko na tattali: a biya haya mai sauƙi, a ɗauki nisa.

Shekarun tsuke bakin aljihu

Wannan ƙaura ta zo daidai da lokacin da arzikin mai ya ja baya. A 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta shelanta matakan tsuke bakin aljihu. A 1984, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, an yi ta bin layi domin sayen madara da sukari da sabulu da shinkafa a farashin gwamnati. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai wata. Mafi ƙarancin albashi na naira 125 da aka tsayar a 1981 ya koma naira 250 a 1991, amma kasuwa ta riga ta yi masa nisa.

Yawancin dabarun da ake gani yau a lokacin suka kafu. A lokacin aka fara lissafin abinci da lambobi, ɗaya-sifili-ɗaya ga gidan da ya yafe abincin rana. Gwanjo ya daina zama abin kunya. Waken suya ya shiga madafa, aka koyi yin awara da madararsa a madadin nama da madarar gwangwani. Ƙarancin kananzir a shekarun 1990 ya haifar da murhun garin katako da aka laƙaba wa sunan Abacha. Kamfanoni su ma suka bi talaka zuwa inda ƙarfinsa ya tsaya. A 1993 madarar Cowbell ta fito a ƙananan ledoji, daga nan omo da shayi da tumatir da man gyaɗa da ruwan sha duk suka bi wannan hanya. Leda ta ba mai naira kaɗan damar ɗanɗana abin da ba zai iya saye da gwangwani ba. Amma idan aka tara kuɗin ledojin wata guda, yakan zarce na babban gwangwani. Wannan shi ne tarkon sayen ɗai-ɗai: wanda ba shi da jari shi ke biya mafi tsada.

Haya, mota, ruwa da wuta

Abubuwa huɗu da manomin da bai san kuɗinsu ba su ne suke cinye kaso mai yawa na samun mazaunin Orozo kafin a zo maganar tukunya. Na farko haya ce, wadda ake biya shekara guda a dunƙule, a da ma har shekara biyu. Saboda haka gida mai tsari yakan ware wani abu kowane wata, ko ya daidaita kwasar adashinsa da watan da haya ke cika.

Na biyu mota ce. Mai aiki a cikin birni yakan hau babur ko Keke Napep zuwa bakin titi, ya shiga motar Nyanya, ya sake wata zuwa AYA ko Sakatariya ko Wuse, ya kuma maimaita da yamma cikin cunkoson gadar Karu da gangaren Kugbo. Hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006 da hana ƙananan bas-bas a 2013 sun sauya yawan hawa da sauka, kowane hawa kuma da kuɗinsa. Hanyar Karshi zuwa Apo, wadda aka sa ran za ta rage wannan zagaye, ta ɗauki shekaru masu yawa ana jiran ta. Maganin da jama'a suka samo shi ne sammako, da haɗa kuɗin mai tsakanin maƙwabta masu mota ɗaya, da tafiya da abincin rana a kula daga gida.

Na uku ruwa ne. Yawancin gidaje sun dogara da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa masu tura jarkoki a kura. Gidan da ke da jariri yana shan ruwa fiye da kowa saboda wanki. Da damina ana tarar ruwan sama a duro, ruwan ɗauraya kuma a ajiye shi domin banɗaki da share tsakar gida. Na huɗu wuta ce, ta lantarki da ta girki. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba lantarki a Nuwamban 2013, mai mitar kati yana ganin abin da dutsen guga da hita ke ci, yana kuma iya ragewa. Marar mita yana biyan abin da aka ƙiyasta masa. Girki kuwa ya bi tsani daga itace zuwa kananzir zuwa gas, kuma duk lokacin da farashi ya tashi sai a sauko mataki guda zuwa gawayi. Jiƙa wake kafin a dafa, rufe tukunya, da yin miyar kwana biyu a wuta ɗaya, duk daga wannan lissafi suka fito.

Rabon yara

Yaron birni, saɓanin na ƙauye, da kuɗinsa yake zuwa tun daga ranar haihuwa. Kayan jariri da ragon suna su ne na farko. Nafkin na zane, wanda ake wankewa a sake sawa, ya ja baya da famfas ya yaɗu, sannan ya dawo da tsada ta yi yawa: iyaye mata da dama suna sa nafkin da rana a gida, su bar famfas domin dare da unguwa. Shayar da nono zalla na wata shida, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai tun 2001, ya haɗa lafiya da sauƙi, domin yana ɗauke kuɗin madarar gwangwani da na jinyar gudawa. Bayan wata shida, kunun da ake haɗawa a gida da gero ko dawa ko masara da waken suya da gyaɗa, wanda ma'aikatan asibiti ke koyarwa a ranakun awo da rigakafi, yana tsayawa a madadin abincin jarirai na kanti.

Lafiya ita ce inda ƙaramin sakaci ke zama babban bashi. Allurar rigakafin yara kyauta ce a cibiyoyin lafiya na gwamnati. Gidan sauro da tsabtataccen ruwa da ruwan gishiri da sukari sun fi kwana uku a gadon asibiti araha nesa ba kusa ba, shi ya sa ma'aikatan lafiya ba sa gajiya da tunatar da cewa rigakafi ya fi magani.

Makaranta ita ce nauyi mafi tsawo. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 sun ɗauke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, amma cunkoson azuzuwa da yajin aikin malamai sun sa iyaye da yawa komawa makarantun kuɗi, waɗanda suka cika lungunan Orozo a farashi hawa-hawa. Watan Satumba shi ne tsakiyar daminar wannan zamani: kuɗin zango da inifom da littattafai da takalma duk a lokaci guda. Ana sauƙaƙa shi da ɗinka inifom da ɗan girma, da gadon littattafai daga wa zuwa ƙane, da zaɓar makarantar da yaro zai je da ƙafa. Ga gidan Musulmi akwai kuɗin Islamiyya, magajin tsohon kuɗin Laraba na makarantar allo. Kayan Sallah da na Kirsimeti kuma masu dabara tun watanni kafin lokaci suke sayen yadi su kai wa tela.

A nan ne tattali yake da iyaka. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Babba na iya tsallake abincin rana ya rama gobe. Yaron da ya rasa wake da ƙwai da kifi da ganye a shekarunsa biyu na farko, da wuya ya rama abin da ya rasa a girma da ƙwaƙwalwa. Don haka ragin da ya dace yana farawa ne daga lemon kwalba da biskit da katin waya da ankon biki, ba daga kwanon yaro ba.

Tsofaffin dabaru a sabuwar riga

Abin da ya fi daɗewa cikin al'adun tattali shi ne wanda ake yi tare. Adashi, wanda Yarabawa ke kira esusu ko ajo, ya sami sabon ƙarfi a gari mai ƙabilu da yawa. Ana yin sa a kasuwa da ofis da coci da Islamiyyar matan aure, yanzu har ta WhatsApp da tura kuɗi ta waya. Ƙungiyoyin gama-kai, waɗanda dokarsu ta farko a Nijeriya ta fito a 1935, suna sayo wa ma'aikata shinkafa da mai a kan sari, a cire a albashi kaɗan-kaɗan. Mata huɗu ko biyar sukan haɗa kuɗi su sayi buhun shinkafa ko kwandon tumatir ko katan ɗin kifi su raba, wasu kuma su yi watandar saniya gab da Sallah. Ana bin ranakun kasuwa, kamar Larabar Nyanya, ana zuwa kasuwannin Mararraba da Karshi inda kayan gona ke sauka kai tsaye. Mai ɗan hali yakan sayi masara da wake da manja da kaka ya ajiye a ɗaki. Rumbu ke nan ya dawo a siffar buhu da jarka.

Daga 2023

A ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Lita da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kai 617 a Abuja a watan Yuli, ta wuce 1,000 a Oktoban 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Buhun shinkafa mai kilo 50, wanda ake saye kusan naira 10,000 a 2015, ya haura 70,000 a 2024. Mafi ƙarancin albashi, da ya tashi daga 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, an mayar da shi 70,000 a Yulin 2024, kuma yawancin masu sana'ar hannu da ma'aikatan ƙananan kamfanoni ba ya shafar su.

Gari mai nisa da wurin aiki kamar Orozo ya ji wannan sau biyu, a mota da kuma a kasuwa. Wasu ma'aikata sun koma kwana kusa da wurin aiki daga Litinin zuwa Juma'a. Wasu iyalai sun mayar da yara makarantar gwamnati, wasu sun tura uwa da yara gida ƙauye. Masara da garin rogo da taliyar hannu sun karɓi wurin shinkafa, awara da ganda da busasshen kifi sun karɓi wurin nama. Masu ba da bashi ta manhajar waya sun yawaita, da ruwa mai nauyi da wa'adi gajere, kuma gidaje da dama sun gane gaskiyar maganar nan cewa kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci.

Noma ma ya dawo. Fulotan da ba a gina ba sun cika da masara da rogo da gyaɗa, bayan ɗakuna akwai zogale da alayyahu da kuɓewa, wasu suna shuka doya da tumatir a buhunan siminti, kaji da awaki kuma sun koma tsakar gida. Ma'aikata da yawa suna karɓar aron gona ko haya daga 'yan asalin yankin a wajen Karshi da ƙauyukan Nasarawa da ke maƙwabtaka, su yi noma a ƙarshen mako. A gida ɗaya a Orozo ta yau ana iya samun albashin wata, da adashin mako, da cinikin uwargida na kullum, da buhunan masarar kaka a jingine a lungu, kowanne yana riƙe da ɓangaren da ɗayan ya gaza.